Wani kamfani ya sa waƙata a tallarsa bai tambaye ni ba, ya zan yi?

Tela Mai Waƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan abin nan, mawaƙa ne ko masu ilimin doka, don wallahi abin ya tsaya min a rai har barci ya gagare ni.

Ni ƙaramin mawaƙi ne a nan Damagaram, ba wani suna gare ni ba, sai dai cikin gari an san ni wurin biki da suna. Asali tela ne ni. Bara bayan sallar layya na fitar da wata waƙa ta aure, ni na tsara baitocinta ni na rera, na biya situdiyo jikka 35 cikin kuɗin da na tara a ɗinkin sallah. Allah ya sa mata albarka mata suka ɗauke ta, duk inda ake sa lalle ko kai amarya daga Birni har Karkada sai ka ji ta, kuma ban taɓa jin haushin wannan ba, ai don a ji ta na yi ta.

To kwanan nan wani kamfanin ruwan leda da lemu a garin nan, ba zan kama sunansa ba, ya ɗauki amshin waƙar ya yi talla da shi. Sun yanko daidai wurin da muryata ta hau sama, suka rage sautin, wani ya ɗora magana a kai yana cewa a sha ruwansu mai sanyi mai tsabta, sai a ƙarshe amshin ya dawo da ƙarfi. Ana sa ta a radiyo safe da yamma, akwai kuma wata adaidaita da suka ɗaura wa baful tana zagaya gari da ita, ni da kunnena na ji ta a bakin kasuwar Dole tana tafe yara na bin ta suna amsawa. Har shafinsu na Facebook da TikTok sun ɗora bidiyon, ba sunana ba komai.

Abin da ya fi yi min ciwo, yanzu yaran kartiye in sun gan ni da sunan ruwan suke kirana. Wata Hajiya da muka yi maganar zan yi wasa a bikin 'yarta ta ce min kar in rera wannan, wai ta zama waƙar talla. Mutane kuma gani suke na kwashi kuɗi, har a gida ana min kallon na samu na ɓoye, alhali ko dala ban gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na je wurinsu yaron da na tarar ya ce patron baya nan. Da na samu manajan a waya cewa ya yi wai godiya ya kamata in yi musu tunda sun tallata ni kyauta, kuma waƙar da ke cikin wayar kowa ta kowa ce, in ina so in zo a ba ni paket biyu na ruwa. Shiru kawai na yi don kar in faɗi abin da zan yi nadama.

Tambayata, ina da haƙƙi kuwa tunda ban yi wa waƙar rajista a ko'ina ba? In ina da shi ina zan dosa, komisariya ko jastis ko fada? Abokaina na ta zuga ni in yi bidiyo in tona musu asiri amma zuciyata bata kwanta da hakan ba.

Matashin Sabon Gari

Wslm yaya. Kai wly wannan rainin hankali ne, paket biyu na ruwa fa?? Ni dai a ganina kayi bidiyon kawai ka faɗi sunansu mu kuma mu yaɗa, kwana ɗaya ya isa su neme ka da kansu. Mutanen nan basa jin magana sai sun ga kasuwarsu zata taɓu. Ka turo min waƙar ma inji, ina ga na santa.

Alhajin Zango

Ɗana, sannu da haƙuri. Ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa, kuma na girme ka nesa ba kusa ba don haka ka saurare ni ko da maganar ba za ta yi maka daɗi duka ba.

Kar ka bi ta yaron nan na sama. Garin nan ƙarami ne, wanda ka zaga yau a waya gobe za ka tarar surukin maƙwabcinka ne ko shi ke sallah gefenka ran Juma'a. Kuma mai kuɗi in ka kunyata shi gaban jama'a ya gwammace ya kashe ninkin abin da kake nema a wurin lauya da ya ba ka.

Mu da muka taso, mawaƙi burinsa a ji waƙarsa, ubangidansa ya yi masa kyautar doki ko riga, jama'a su yi masa kari a wurin wasa, ba mu san wani biyan kuɗi don an sa waƙa ba. Ni kaina akwai baful a shagona, waƙoƙi na tashi tun safe har magariba, ban taɓa tunanin ina cin haƙƙin kowa ba. To wataƙila shi ma mai kamfanin haka yake gani, ba lallai mugunta ba ce. Amma gaskiya ɗaya ce, maganar paket ɗin ruwa bata dace ba, ba a yi wa mai sana'a haka.

Shawarata ka samu babba wanda yake jin nauyinsa, mai unguwarku ko limamin masallacin da yake sallah, ku je gida ba ofis ba, kuma wurin shi mai kamfanin ba manaja ba. Manaja yaron gida ne, kare kansa yake.

Yar Doka

Wa alaikumus salam Malam Tela. Doka na karanta kuma ina aiki tare da lauyoyi, zan faɗa maka abin da na sani amma in abin ya kai ga shari'a dole ka zauna da lauya ya ga takardunka da idonsa.

Amsar tambayarka ta farko, eh kana da haƙƙi, cikakke ma. Haƙƙin mai waƙa yana tabbata ne tun ranar da ya ƙirƙire ta, ba sai ya kai ta wani ofis an buga mata hatimi ba. Wannan ƙa'ida ce ta yarjejeniyar Bern wadda aka fara ƙullawa tun 1886 kuma Nijar na cikinta. A nan gida dokar da ke aiki ita ce odonans mai lamba 2010-95 ta 23 ga Disamba 2010, ita ta maye gurbin ta 1993, ta ƙunshi haƙƙin mawallafi da na masu rerawa da masu ɗaukar sauti har da kayan al'adun gargajiya. Bayan ita akwai yarjejeniyar Bangi ta 1977 wadda ta kafa OAPI, hukumar kare haƙƙin fasaha ta Afirka mai hedkwata a Yawunde, ƙasashe 17 ne a ciki har da mu. Rajista amfaninta hujja ce, ranar da wani ya ce shi ya riga ka sai ka fito da takarda, amma rashinta bai mayar da waƙarka ta kowa ba. Maganar manajan nan cewa abin da ke wayar kowa na kowa ne bata da tushe ko kaɗan.

Kuma haƙƙi biyu suka taɓa ba ɗaya ba. Akwai na dukiya, wato kai kaɗai ke da ikon ba da izinin a kwafi waƙarka ko a watsa ta ko a yi kasuwanci da ita, kuma ka ce ga abin da za a biya ka. Akwai kuma na mutunci, wato a ambaci sunanka kuma kar a yanka aikinka ko a sauya shi ta yadda zai zubar maka da daraja. Shi wannan na biyun ko ka sayar da waƙar yana nan tare da kai. Abin da Hajiyar nan ta faɗa maka na cewa kar ka rera ta a bikin 'yarta, ka rubuta shi ka ajiye da rana da wata, don shi ne ainihin ɓarnar da aka yi maka, kasuwar waƙar ce aka rage.

Baba Alhaji, ranka ya daɗe, na yarda da kai ɗari bisa ɗari a kan zuwa da babba, amma ka yi min izini in ɗan bambanta abu biyu. Sa waƙa a shago daban, ɗinka ta a jikin talla daban. Na shago da otel da radiyo da wurin shaƙatawa, doka ta ce su ma akwai abin da suke biya, kuma hukumar haƙƙin mawallafa ta Nijar, wato BNDA, ce ke karɓa ta raba wa masu waƙoƙin da suka yi rajista da ita, an kafa ta tun 1995, babban ofishinta na Yamai. Amma talla sai an nemi mai waƙar shi kansa, don muryarsa ce ake cewa ta tsaya wa kaya shaida, wataƙila ma kayan da shi bai yarda da su ba. Ko radiyon na biyan BNDA kowace shekara wannan bai ba kamfanin ruwa izinin ɗora sunan ledarsa a kan amshin Malam ba.

Abin ma ba yau ya fara ba. A 1847 wani marubucin waƙoƙi a Faransa, Ernest Bourget, ya zauna a wani gidan shan shayi da kiɗa a Paris ya ji ana rera waƙarsa, da aka kawo masa lissafin abin da ya sha sai ya ƙi biya, ya ce su ma ba su biya shi ba. Aka je kotu ya yi nasara, daga nan aka kafa SACEM, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu a Faransa, a 1851, irin aikinta ne BNDA ke yi a nan.

Yanzu abin yi. Kafin ka sake yi wa kowa magana tara hujja, don da zarar sun ji ka tashi tsaye za su goge komai. Ka sauke bidiyon Facebook da na TikTok a wayarka, ka ɗauki hoton shafin yadda sunan kamfanin da ranar da suka ɗora za su fito, ka kwafi link ɗin. Tallar radiyo ka naɗe ta tare da ɗan abin da ya gabace ta da wanda ya biyo baya don a gane tashar da lokacin. Adaidaitar ma in ka sake gamuwa da ita yi mata bidiyo har lambarta. In da hali ka samu wisiye, wato ma'aikacin shari'ar nan mai kai sammaci, ya yi maka konsta, takarda ce da zai rubuta abin da ya gani ya ji da kansa, kuma alƙali na ba ta nauyi fiye da hoton waya nesa. A ɓangarenka kuma ka nemo duk abin da ke nuna taka ce, littafin da ka rubuta baitocin, voyis ɗin da ka fara rerawa, rasit ɗin situdiyo ko saƙon tura kuɗin, ranar da ka fara ɗora ta a intanet.

Sai takardar gargaɗi zuwa ga mai kamfanin. Gajera, ba zagi. Ni wane, ni ke da waƙa kaza, kun yi amfani da ita a wuri kaza da kaza tun ranar kaza ba da izinina ba, ina neman ku dakatar kuma mu zauna kan biyan abin da ya wuce cikin kwana kaza. Ka yi kopi biyu su sa hannu a ɗaya ka riƙe, in sun ƙi karɓa wisiye ya kai. Ka je da dattijon kamar yadda Baba ya ce, amma takardar na aljihunka. Ka kuma tuntuɓi BNDA, in ba ka san ta inda za ka same su ba ka tambaya a ofishin al'adu na jiha. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma babbar kotun Damagaram na nan, ana iya neman diyya ana kuma iya shigar da ƙarar laifi don satar fasaha laifi ne a doka.

Bidiyon tona asiri kuwa dan Allah ka bar shi. Kalma ɗaya in ta zarce sai su juya su kai ka ƙarar ɓata suna, kai da ke da gaskiya ka koma mai amsa tambaya.

Tambaya ɗaya gare ni, kiɗan waye ya yi shi, kuma me kuka yi da mai situdiyon a kansa?

Teknisiyan FM

Slm. Ni a radiyo nake aiki ɓangaren haɗa sauti, bari in faɗa muku yadda ake yin tallar nan don ina ga zai taimaka.

Yawanci mai kaya baya zuwa da waƙa. Zuwa yake da takarda ko ma ya faɗa da baki, ga kayana ga inda nake ga lambar waya, ayi min abu mai daɗi. Sai mai haɗawa ya buɗe ordinater ya duba wace waƙa ce ke tashe a gari yanzu, ya yanko sakan talatin ko arba'in ya shimfiɗa a ƙasa, animater ya ɗora murya, shikenan an gama kafin la'asar. Wani lokacin ma ba a radiyon ake haɗawa ba, yaran da ke da ƙananan situdiyo cikin gari ke yi su kawo a kile, wato USB. Donk zai iya yiwuwa shi patron ɗin bai ma san waƙar waye ba, ya ji ta yi masa daɗi ya biya. Ban ce wannan ya wanke shi ba, shi ke cin ribar tallar, amma ka sani kafin ka shiga wurinsa da zafi.

Abin da zai amfane ka sosai, duk tallar da ke wucewa a radiyo akwai takardarta. Akwai bon ɗin da mai kaya ya sa hannu, an rubuta sau nawa za a sa a rana, ƙarfe nawa, daga wace rana zuwa wace rana, da kuɗin da ya biya. Ba za su ba ka ita haka kawai ba, amma in magana ta kai gaban hukuma ana iya neman ta. Kai dai ka samu littafi ka riƙa rubuta duk lokacin da ka ji ta, ka sa wani a gida shi ma ya riƙa rubutawa. Mutumin da ke biyan radiyo kowane wata, ya biya mai adaidaita da man da take sha, ya biya wanda ya yi maganar, ba zai ce maka babu kuɗin mai waƙa ba. Kowa ya samu a tallar nan in ban da kai.

Kuma ka rubuta wa darektan radiyon shi ma, cikin ladabi, ka sanar da shi akwai rigima a kan sautin. Mu in irin wannan takarda ta zo yawanci dakatar da tallar ake har a daidaita, ba mai son tasharsa ta shiga shari'ar da ba tata ba. Ranar da tallar ta tsaya za ka ga yadda wayar manaja za ta same ka.

Na intanet ɗin kuma Facebook da TikTok da YouTube duk suna da fom na kai ƙorafin haƙƙin mallaka, kyauta ne, kana sa link ɗin naka na asali da nasu. A YouTube ma tashar da ta tara gargaɗi 3 rufe ta ake. Amma kar ka cika fom ɗin sai ka gama ajiye hujja kamar yadda Yar Doka ta ce, in an sauke bidiyon ka rasa abin nunawa. Statut na WhatsApp kuma awa 24 ne yake ɓacewa, in sun sa a can ɗauka nan take.

Zabiyar Birni

Ƙanena sannu, na san zafin nan don ya taɓa ni. Ni wata mai sayar da kayan gyaran jiki ce ta ɗauki waƙata ta ɗora a bidiyon mayukan bilicin, ni da ko a gidana bana bari 'ya'yana su shafa. Mata suka riƙa kirana suna tambaya wai da gaske shi nake shafawa. Kuɗin bai dame ni kamar wannan ba wallahi.

Yayana na tura da mijin ƙawarta suka same ta, da farko ta ce ai yabo ne, da ta ga takarda sai murya ta sauka. Ni ban yarda ta ci gaba ba ko da kuɗi, ta sauke ta biya na baya aka rabu lafiya, har yau muna gaisawa a wurin biki. Kai kuma naka ruwan sha ne ba abin kunya ba, in sun zo da mutunci kana iya barin su su ci gaba su biya, sai dai ka buɗe ido wurin rubutun. Kar ka yarda a rubuta ka sayar. Haya za ka ba su, wata uku ko shida, a radiyo kaɗai ko har da intanet, a Damagaram kaɗai ko har Maradi da Yamai, kowanne da kuɗinsa, in lokaci ya cika a sake zama. Wanda ya karɓi jikka hamsin a tsaye bakin ƙofa ya ce na yafe, gobe in ya ji ta a tele ba shi da bakin magana. Kuma kuɗin su biyo ta hanyar da ke barin shaida, ko Nita ko Amana ko dai a rubuta rasit, ba a dunƙule a tafin hannu ba.

Sannan ka tuna da 'yan amshinka in akwai. Muryar da ake ji a tallar in har da ta yaran da suka yi maka amshi to su ma da rabonsu, kar a zalunce ka kai ma ka juya ka zalunci na ƙasa da kai. Kuma ka je ka yi rajistar waƙoƙinka duka, har waɗanda ba su yi tashe ba, ba ka san wadda gobe za ta tashi ba.

Almajirin Garin Malam

Assalamu alaikum. Ni ba zan shiga maganar hukuncin kiɗa ba, malamai sun yi bayaninsu kowa ya san inda ya tsaya. Amma kan cewa abin da mutum ya ƙirƙira da basirarsa dukiyarsa ce, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disamba 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su na da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Na kawo wannan ne saboda dattijon da za ka tafi da shi, in mai kamfanin mutum ne mai tsoron Allah wannan za ta fi shiga kunnensa fiye da lambar odonans. Mu ma masu ƙasidu abin na damun mu, sai ka ji an ɗora ƙasidar yabon Manzon Allah (SAW) a kan tallar takalma. Allah ya fitar maka da haƙƙinka cikin sauƙi.

Tela Mai Waƙa

Amin Malam. Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci, wallahi ji nake kamar an sauke min kaya. Baba Alhaji na ji maganarka, kawuna ya san limamin unguwar mai kamfanin kuma ya ce zai yi masa magana. Ƙanena na Sabon Gari ka yi haƙuri bidiyon dai ba zan yi ba. Na sauke nasu na Facebook da TikTok na tura wa ƙanwata ita ma ta ajiye, na kuma naɗi na radiyo jiya bayan labaran yamma. Littafin baitocin yana nan, cikin littafin awon kostoma na rubuta su, shafin da ke kusa da shi ma akwai kwanan wata na ɗinkin sallah.

Malama Yar Doka, kan tambayarki. Karin waƙar nawa ne, da baki na rera wa mai situdiyon shi kuma ya bi da piyano ya ɗora ganga da kalangu na cikin ordinater. Na biya shi kuɗin aikinsa, ba mu rubuta komai ba, haka kowa ke yi a nan. Amshi kuma Yaya Zabiya, 'yan mata biyu ne suka yi min kuma muryarsu ta fito a tallar sosai, in sha Allahu ba zan manta da su ba. Abin da ban sani ba shi ne nawa zan ce in an ce in faɗi kuɗi, ina tsoron in faɗi kaɗan in cuci kaina ko in faɗi da yawa a ce na zo da kwaɗayi.

Yar Doka

Madalla, littafin awon nan ka adana shi da kyau kar ka yage shafin, a cikin littafin yake da ƙarfi. Ka ɗauki hotonsa kuma.

Mai situdiyon ka je ka same shi tun kafin zaman, yau ko gobe. Baitoci da kari naka ne, amma shi ya tsara kiɗan kuma a na'urarsa aka ɗauki sautin, don haka zai iya cewa yana da rabo a wannan naɗin da suka yi amfani da shi, kuma ba lallai a ce ba shi da gaskiya ba. Ku rubuta 'yar takarda ko shafi ɗaya ce, waye ya yi me, waye ke da ikon ba da izini, kashi nawa ne nasa in kuɗi ya shigo, ku sa hannu da shaidu biyu. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko shi ya ba su waƙar ko wani yaronsa, don in ta hannunsa ta fita gara ka ji daga bakinsa da ka ji a gaban liman. Ka roƙe shi ya ajiye fayil ɗin aikin na asali wanda muryarka ke ware da kiɗan, wannan babu wanda ke da shi sai wanda ya yi waƙar. Abu ɗaya kuma, in akwai wani yanki na amshin da ka ɗauko daga waƙar gargajiya ta kai amarya ka faɗa tun yanzu, shi hukuncinsa daban ne, ba za ka ce naka ne kai kaɗai ba.

Kuɗi kuwa ba ni da wani adadi da zan ce maka shi ne doka. Ka raba shi biyu a bakinka, na watannin da suka riga suka ci ba izini, da na gaba in kun daidaita, kar ka bari a haɗe su a dunƙule. Ka bar su su fara faɗa. Ka tambayi BNDA yadda suke lissafin irin wannan, ka tambayi mawaƙan da suka taɓa yi wa kamfani waƙar talla nawa aka ba su, naka bai kamata ya gaza wannan ba tunda taka ta riga ta karɓu kafin su ɗauka.

Teknisiyan FM

Ƙari kaɗan yaya, naɗin da ka yi na radiyo kar ka tura shi ta WhatsApp kaɗai ka goge na asali, yana rage sauti kuma ranar da ke jikin fayil ɗin tana canzawa. Ka sa shi a kart memwar daban. In kana so ka san kimanin abin da suke kashewa, ka shiga kowace radiyo ka ce a ba ka tarif ɗin talla, a fili yake ana ba kowa, sai ka ninka da yawan wucewar da ka rubuta a littafinka.